Ranar da Aka Auna Tela

Kawuna tela ne, ya fi shekara talatin yana auna mutane. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi: keken ɗinki biyu, dogon teburin yanka, madubi mai tsaga a kusurwa, sai tef ɗin awo da ba ya barin wuyansa ko a gaban abinci. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa. Idan ka shigo da wandon aro, tun daga ƙofa zai ce, "Wannan ba naka ba ne, mai shi ya fi ka cinya."

Wasan golf kuwa ta hanyar aiki ya same shi. Shi ke ɗinka ƙananan tutocin da ake kafawa a bakin ramuka. Wata rana ya kai ɗinki, aka ce ya gwada bugu ɗaya, shi ke nan fa. Yayansa da muke kira Dogo, wanda ciwon gwiwa ya raba da wasan, ya ba shi jakar sandunansa gaba ɗaya. Shekara tara Kawu yana wasa da su duk safiyar Asabar.

A kan ciyawa ba shi da laifi. Ramin yashi ne ya fi ƙarfinsa. Akwai sanduna biyu masu kwantaccen kai da ake kira weji, da su ake ɗago ƙwallo sama. Kawu zai shiga ramin da ɗaya, ya yi ta watsa yashi har cikin kunnuwansa, ƙwallo na zaune tana kallonsa.

Su huɗu ne a rukuninsu, Hedimasta ne shugaba. Da gasar dattawa ta matso, sai ya ja Kawu gefe.

"Tela, ka san ina ƙaunarka. Amma Asabar mai zuwa za mu yi gwaji. In yashi ya sake riƙe ka, Likitan Haƙori zai shiga madadinka."

Kawu ya dawo gida ko abinci bai taɓa ba. 'Yarsa ce ta ja shi zuwa wurin da ake auna wa mutum sanda daidai jikinsa. Ɗaki ne mai raga a bango, koriyar shimfiɗa a ƙasa, da na'ura mai nuna yadda ƙwallo ta tashi. Mai awon mace ce mai fara'a. Ta tsayar da shi, ta ja tef daga wuyan hannunsa zuwa ƙasa.

"Kin karkata tef ɗin," in ji Kawu.

"Baba, yau kai ne ka kawo ɗinki," in ji mai awon. "Tsaya ƙyam."

Ta sa ya yi bugu goma. Ta duba ƙasan sandar, ta duba shi sama da ƙasa.

"Baba, sandunan nan na wane ne?"

"Nawa ne mana."

"Mai su ya fi ka tsawo nesa ba kusa ba. Shi ya sa dunduniyar sandar ke nutsewa a yashi kafin ta kai ga ƙwallo."

'Yarsa ta yi dariya har ta dafa bango. Mutumin da ke gane wandon aro tun daga ƙofa!

Mai awon ta ce ya canza wejin duka biyu. Abin ya yi wa Kawu nauyi. Kyautar yayansa ce, ga gwaji saura kwana huɗu, hannunsa kuma bai san sababbi ba. Ya kwashe su ya koma shago, ya shimfiɗa su a teburin yanka, ya sa tabarau yana bin su da ɗan yatsa. Wadda yake shiga yashi da ita ta suɗe sumul, layukan fuskarta duk sun shafe. Ɗayar kuwa lafiyarta ƙalau, tsawo ne kawai ya yi mata yawa.

Ya buga wa Dogo waya. "Yaya, zan yanke sandarka ɗaya, ɗayar kuma ta yi ritaya."

"Au, har yanzu ba ka rage su ba? Kai da kake yini da almakashi a hannu!"

Washegari ya koma wurin mai awo. "Wannan ki rage mata tsawo, ki gyara mata wuya. Waccan ko ni aka kawo wa ba zan karɓi gyaranta ba, ki ba ni sabuwa daidai ni." Sauran kwanakin duk la'asar yana cikin yashi yana koyon hannu.

Ranar gwaji, a rami na shida, ƙwallonsa ta faɗa yashi. Likitan Haƙori ya gyara tsayuwa.

"Jama'a, ku nemi inuwa ku zauna, Tela zai fara haƙa."

Kawu ya sauka, ya murza ƙafafunsa cikin yashi, ya buga sau ɗaya. Ƙwallo ta tashi a hankali, ta sauka, ta tsaya kamu ɗaya daga ramin tuta. Hedimasta ya cire tabarau ya goge.

"Sa'a ce," in ji Likita.

A rami na sha huɗu ta sake faɗawa, wannan karon ramin yashin ya kusa haɗiye Kawu, hularsa kawai ake hangowa. Sai ga yashi ya tashi, ga ƙwallo ta fito, ta gangara, ta daki sandar tuta, ta shige rami. Har waɗanda ke wasa a can gefe suka yi tafi.

Hedimasta ya zaro takarda daga aljihu, ya rubuta sunan Kawu a tsaye, bai jira an kai rami na ƙarshe ba. Kawu ya hauro yana kakkaɓe wando, ya dafa kafaɗar Likita.

"Ranar gasa ka zo da wuri, abokina. Muna buƙatar mai tafi."