Zuwa Abuja Nemar wa Amarya Takardar Zama

Ana sallame sallar asuba muka fito daga gida a Gyaɗi-Gyaɗi, ni da matata da kawuna. Ko shayi ban iya sha ba. Wani abokina ne ya ja adaidaitata ya sauke mu a tashar Unguwa Uku, ya ce kar in damu da balas ɗin da nake kai wa mai mashin kullum, zai riƙe min aikin har in dawo.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, matata 'yar Sudan ce. Kakanta ƙanin kakana ne, yana cikin mutanen da suka tafi Makka a ƙasa suka ya da zango a can, zangon da ya zama zama. Ita da mahaifiyarta suka zo Kano neman maganin ƙafa, suka sauka a gidanmu, ni aka ɗora wa kai su asibiti. Daga kai-kawon asibiti sai ga mu an ɗaura aure. Tsohuwar ta samu sauƙi ta wuce wajen ɗanta a Jidda, don garinsu yanzu ba zaman lafiya. To bizar da amarya ta shigo da ita ta ziyara ce, kuma wa'adinta ya kusa cika. In ya cika ba mu yi komai ba, zamanta ya saɓa doka, ana iya cewa ta fita. Ta fita ta je ina?

Shawara kam na sha ta. A majalisarmu ta bakin titi wani ya ce, "Kai dalla can, wa zai gane? Yarinyar da ta fi ka jin Hausa? A nema mata takardar 'yar Tarauni kawai a wuce wajen." Wani mai shagon buga takardu a bayan kasuwar Tarauni ya ce a sa sunanta a wata makaranta a nemi bizar ɗalibai. Wani kuma ya ce a dinga sabunta ta ziyarar, in ta ƙare a ƙara. Ni kun san ni, a aji uku na ajiye boko, na taɓa gyaran waya, na taɓa kwandasta, ba na son abin da zai ja dogon lokaci. Ta farkon ce ta fi kwanta min. Kawu ne ya taka burki, don shi ne ya tsaya mata a matsayin waliyyi. Ya ce, "Ni na ba da aurenta a gaban jama'a, kowa ya ji daga inda take. Ba za a yi ƙarya da hannuna ba. Mu je wajen masu aikin mu tambaya." A ofishin shige da fice na nan Kano aka ce mana akwai hanya ta musamman don matar ɗan ƙasa, kuma ana iya tura fayil daga nan. Ni da ƙaiƙayin ƙafa na ce a'a, lokaci ya ƙure, da hannuna zan kai Abuja.

Mota ƙirar Sharon muka samu, kawu a gaba, mu a can baya. Kuɗin mota ya tashi sosai a kan yadda na san shi lokacin da nake kwandasta, na yi ƙoƙarin nuna musu ni ɗan gida ne, ɗan kamasho ya ce to ɗan gida ai ya fi kowa sanin kuɗin mai. Na biya muka shiga.

Damina ta zauna, hanya ta yi kore shar. Daga Kura zuwa Kadawa shinkafa ce iya ganinka, ga ruwa kwance a fadamu, ga balbelu. Amarya ta manne da gilashi tana ta cewa masha Allah. Tunda ta zo ba ta taɓa wuce Na'ibawa ba, ita a tunaninta duk Najeriya kwalta ce da hayaƙin adaidaita. Titin wani wajen sumul kamar tabarma, wani wajen kuma ana aiki, sai a haɗe ku hannu ɗaya da tireloli. A nan ne direbanmu ya nuna mana shi ba ya son ganin bayan wata mota. Kawu ya ja carbi har Kwanar Ɗangora, sannan ya ce masa, "Yaro, mu Abuja muka biya, ba lahira ba."

Abin da ya fi damuna shingayen jami'ai. Duk inda aka ɗaga mana hannu sai gabana ya faɗi, alhali bizarta ba ta ma ƙare ba tukuna. Ita kuma ta ƙanƙame jakarta a ƙarƙashin hijabi, fasfo na ciki. Ba wanda ya tambaye mu komai har muka isa, leƙowa kawai suke su ce a sauka lafiya. A nan na gane irin zaman da za mu yi da na bi shawarar majalisa: kullum ka ga kaki sai ka ji fitsari.

A Zariya mata masu fura suka yanyame motar, muka sayi ta roba mai sanyi. Kaduna ta bayan gari muka bi, cunkoso ya ɗan riƙe mu wajen masu gasa masara, na saya mata guda, ta ce tasu ta can ta fi zaƙi. Komai nasu na can ya fi zaƙi, na saba. A Tafa aka tsaya cin abinci da sallah. Na yi odar shinkafa da miya, aka kawo da nama guda wanda sai ka tona kafin ka gan shi. Kawu ya ɗaga shi a cokali ya tambayi mai abincin ko samfur ne, na gasken yana tafe. Amarya ta ci loma biyu yaji ya kore ta, ta koma kan shayinta mai kayan ƙamshi da ta zo da shi a fulas.

Da la'asar muka hango dutsen Zuma, gajimare ya rufe masa kai. A Zuba muka sauka wajen wani tsohon abokina mai sayar da kayan marmari, matarsa ta ja amarya ciki, mu muka kwana a shago cikin ƙamshin abarba.

Washegari da sassafe muka shiga gari. Abuja titi ne faɗi-faɗi ba mutane a gefe, ba mai shayi, ba mai faci, kuma ba a barin adaidaita ta shiga tsakiya. Na ji haushin wannan a madadin 'yan'uwana. Tun daga bakin ƙofar ofishin wasu samari suka tare mu, kowa na cewa ya san wani a ciki. Kawu ya ce musu shi ma ya san Allah, muka wuce.

A kan benci muka haɗu da wani Alhaji mutumin Gombe, matarsa 'yar Masar. Shi sabunta ta ziyara ya dinga yi, har wata rana ya shagala wa'adi ya wuce, yanzu ga shi yana ta zarya. Ya dube ni ya ce in gode wa wanda ya kawo ni da wuri. Kawu ya gyara zama ya yi gyaran murya.

Jami'in da muka samu mutumin kudu ne, mai natsuwa, Hausarsa ba ta wuce sannu ba, ni kuma Turancina na tasha ne. Haka muka lallaɓa. Ya yi min bayani dalla-dalla. Bizar ziyara ta wanda zai koma ce, ba ta zama ba, kuma ba a yi ta sabunta ta har abada. Ta ɗalibai tana ɗaure da makaranta, ranar da karatu ya tsaya ita ma ta tsaya. Da na ɗan taɓo zancen takardar 'yar ƙasa, wai wani ne ya ce in tambaya, sai ya cire tabarau ya dube ni, ya ce in gaya wa wanin nan laifi ne da zai kama miji da mata duka. Hanyarmu ita ce ta matar ɗan ƙasa, amma sai sun tabbatar auren na gaske ne, don akwai masu ƙulla na bogi saboda takarda.

Na miƙa masa shaidar aure da muka karɓo a kotun Musulunci, da fasfo ɗinmu, da wasiƙar da na sa hannu cewa na ɗauki nauyinta. Ya ce hotunan biki fa? Na zaro waya da ƙarfin gwiwa na buɗe masa hotunan ɗaurin aure. Ya duba, ya wuce, ya duba, ya wuce. Maza ne reras cikin manyan riguna a ƙofar masallaci. Ya ce ina amaryar? Na ce tana gida mana, mace ai ba ta zuwa wajen ɗaurin aure. Ya ce to ina ni? Nan ma ba ni, don ranar ɓuya na yi a ɗakin abokina saboda kunyar iyaye. Biki kuma ba mu yi na fati ba, walima ce ta mata a cikin gida. Mutumin nan ya riƙe hoton aure ba ango ba amarya.

Sai ya juya wajenta, a hankali, ya haɗa da nuni, ya tambaye ta sunan mijinta.

Jama'a, ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Ta ce, "Yaya." Ya duba fasfo ɗina, ba Yaya a ciki. Ya sake tambaya, ta ja hijabi ta rufe baki. Ku kun san dalili: macen da ta samu tarbiyya irin ta gidajenmu ba ta kama sunan miji, balle a gaban kawunsa. Su na Sudan ma sun fi mu riƙo, don al'adar da kakanni suka tafi da ita ba su taɓa ta ba. Amma shi abin da yake gani daban: ga hoto ba amarya, ga mace ba ta san sunan mijinta ba. Na ga ya rufe fayil ɗin ya ɗora hannu a kai. Na buɗe baki zan ce mata ta faɗa, ya ɗaga min hannu. Ta karɓi biro ta rubuta a takarda, sai ga shi da Larabci ta rubuta, shi kuma bai iya karantawa ba.

Allah ya taimake mu, jami'in ya aika aka kira wata jami'a Bahaushiya daga ofishin gefe don ta yi tafinta. Da ta ji abin da ake ciki sai da ta dafa tebur don dariya. Ta yi masa bayanin ɗaurin aure da na kunya. Ya gyaɗa kai, ya ce ya fahimta, amma tambaya ce da sai an amsa da baki. Matar ta dafa kafaɗar amarya ta ce, "Ƙanwata, yau ɗaya dai. Surukarki tana Kano, ba mai kai mata. Baba, ɗan ba mu waje."

Kawu ya ce, "Ni na ma kurumce," ya juya ya fuskanci bango ya toshe kunnuwa da yatsu.

Ta rufe fuska gaba ɗaya. Daga cikin hijabin muka ji murya ƙasa-ƙasa, ta faɗi sunana, da na mahaifina, da na kakana, har da na uban kakana, a jere irin yadda suke yi a can. Na ƙarshen ni kaina sai da na yi tunani. Jami'in yana bin fasfo da yatsa, biyun farko suka yi daidai, ya ce sauran fa? Kawu daga jikin bango ya ce, "Duk haka ne." Kurman kenan.

Daga nan komai ya warware. Ya yi mana 'yan tambayoyi daban-daban, me muka ci jiya, wa ke zaune a gidanmu, amsa ta zo ɗaya. Ya karɓi fayil, aka ɗauki hotonta da zanen yatsu, aka ba mu takarda mai hatimi da ke nuna maganarta tana hannu, ba wanda zai ce ta fita kafin katin zama ya fito. Ya ce katin a Kano za mu karɓa, kuma da ma can ɗin muka bari aka turo da mun huta. Na ce ai mun ga gari.

Da muka fito sai na ji yunwar kwana biyu ta taso min gaba ɗaya. A bakin hanya na ci doya da ƙwai, na ƙara da wani faranti. Mun sake kwana a Zuba, da safe muka kamo hanya. Shingayen nan dai suna nan inda muka bar su, amma wannan karon har gaisawa nake da jami'an ta taga. Amarya ta yi barci tun daga Jere har Tashar Yari. Duk hanya ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Kafin magariba muka shigo Gyaɗi-Gyaɗi, yara na ta oyoyo, Hajiyarmu tana tsakar gida a kan tabarma tana jira. Kawu ya ba ta labari tas, ya tsallake waje ɗaya, ni ma ban tuna masa ba.

Abin da tafiyar nan ta koya min, in kana da mata 'yar wata ƙasa, ko Hausa take ji kamar a Tarauni aka yanke mata cibi, ka je wajen masu aikin tun da sauran lokaci ka faɗi gaskiyar abin da kake so, wato zama. Ka yanki shaidar aure a kotu. Kuma don Allah ku ɗauki hoto ko guda ɗaya ne ku biyu tare, ko da a ɓoye ne.

Da na shiga ɗaki na tarar ta jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado. Ashe tun ranar da mahaifiyarta ta tafi kayanta masu kyau suna ciki a ninke, ba ta taɓa fito da su ba, ni kuma ban taɓa lura ba. Tana ta zarowa tana jerawa a durowa, ta ture nawa gefe guda. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, wajen nan ya yi kaɗan. Gobe ka kira kafinta."