Ranar da Na Kai Motar Kaji Wurin Zaɓe

Cikin shekarun da na yi ina tuƙi a Makka, ban taɓa mantawa da wata safiya ta watan Rajab a shingen bincike na Shumaisi, kan hanyar Jidda, ba.

Bari in bayyana aikin ga sababbinmu. Kamfaninmu yana kai abinci masaukan masu Umra, amma ma'ajiyar sanyi tana Jidda. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Harami, don haka direban Jidda yakan tsaya kafin shingen, ni in karɓi motar in kai ta unguwar Kudai a cikin Makka, shi kuma ƙaramar motar kamfani ta mayar da shi. Abokin musayata Ramon ne, ɗan Filifin, Katolika. Da guntun Larabcin leburori muke fahimtar juna.

Ran nan na iske shi zaune a inuwar tayar motar daskararrun kajin da ya kawo, ya yi tagumi. Motar da za ta ɗauke shi ta lalace, ga shi ranar ce ta ƙarshe da mutanen ƙasarsu ke kaɗa ƙuri'a a ofishin jakadancinsu na Jidda, kuma da azahar za a rufe. Ya ce wataƙila hakan ya fi, don dama ya kasa zaɓa. Ɗan takara ɗaya zai kula da asibitocin karkara da masu ci-rani irinsa, amma ana cewa zai sassauta dokar zubar da ciki. Ɗayan yana ƙin zubar da ciki, amma yana goyon bayan a kashe wanda ake zargi ba tare da shari'a ba.

Ya faɗa mini abin da fadan cocinsu ya koya musu. Wanda ya zaɓi mutum don yana goyon bayan zubar da ciki ya yi tarayya cikin zunubin. Wanda yake ƙin abin a zuciyarsa kuwa, yana iya zaɓar mutumin in akwai wani dalili mai nauyin da ya kai wannan, dalilin da zai iya tsayawa da shi gaban Ubangiji. Ƙin zuwa don gudun wahalar tunani kuma ba mafita ba ce.

"Rai ne nan, rai ne can, Hajji," in ji shi.

Na ce masa malaminmu na zaure a Damagaram ya karantar da mu cewa in ɓarna biyu suka haɗu a ɗauki mafi sauƙi, amma awon nasa ne, ba nawa ba. Sai na tambaye shi ko yana son zuwa. Ya ce yana so.

Nan take na kira mudirinmu, wato manaja, Abu Faisal, Bahaushe haifaffen unguwar Ka'akiyya ta Makka, na roƙi izinin kai Ramon Jidda. Na ce injin sanyi lafiya lau yake, masauki kuma sai la'asar suke jiran kaya.

"Kawu, zaɓen wata ƙasa za ka kai mini kaji? Yalla, je ka. In suka narke kai za ka cinye su."

Na juya kan mota zuwa Jidda. Wallahi ban san tsohuwar motar nan tana da gudu haka ba. Ramon yana nuna hanya da hannu biyu, yana "yamin, yamin," wato dama, ni ina salati, kwalaye suna rawa a baya. Da muka tsaya a ƙofar ofishin, 'yan ƙasarsu da ke layi suka ga hoton kaza a jikin mota, suka fashe da dariya, suka buɗe masa hanya. Ya shige da gudu, takalmi ɗaya a hannu.

Da ya fito fuskarsa ta washe. Na ce wa ya zaɓa?

"Ko matata ba za ta ji ba."

Na isa Kudai ana kiran la'asar, kaji daskare kamar dutse.

Abin da na koya shi ne, abokin aiki ba hannu ne kawai mai miƙo maka makulli ba. Yana ɗauke da nauyin da ba ka gani, ko da addininku ba ɗaya ba ne. Ba za ka iya yanke masa hukunci ba, amma kana iya kai shi ƙofa kafin a rufe.