Fatar da Na Wanke da Ruwan Ɗumi

Ba zan rantse a kan kowane ɓangare na wannan labari ba. An kwana biyu, kuma na lura duk sa'ad da na ba da shi sai wani abu ya ɗan gusa daga inda yake. Warin ne kawai na tabbata ban ƙara masa komai ba.

Shekarar da na gama jami'a ce, ko wadda ta biyo ta. Kiwon dabbobi na karanta. A aji uku an koya mana yadda ake tantance ulu bayan an yi wa tumaki sausaya: a duba tsawon zare da laushinsa, a ware mai kyau, sannan a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu don maiƙo ya fita. Na haddace, na ci jarrabawa. Ban taɓa ganin tunkiya mai ulu da idona ba. Namu na Gwandu gashi gare su, ba mai aske su.

Mahaifina yana da wani rago uda da ya yi kiwo da hannunsa, gaba baƙi, baya fari, da ɗigon baƙi guda a cinyar hagu, girman tafin jariri. Gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala a lokacin, a zaune yake salla, kuma buzun da ya gada wajen kakana ya yi sanƙo, sai fata tsura. Ya daɗe yana cewa da fatar wannan rago zai yi sabo. Ranar layya ya tsaya a kan mai fiɗa har aka gama, kada wuƙa ta taɓa ta. Sai ya miƙo mini.

"Ga ta nan. Kai ne ka karanci dabba. Ka kai wa Baffanka na Kalgo."

Baffa abokinsa ne tun ƙuruciya, majemi, kuma shi ke ware wa dillalai fatun da ake tarawa bayan Sallah.

Ina jin da ya ba ƙanwata, da ta zuba gishiri ta shanya a inuwa kamar yadda kowa ke yi. Ni kuwa na dubi jini da kitse da kashin da ya manne a gashin wutsiya, sai na tuna darasin wanke ulu. Na dafa ruwa, na zuba omo, na jiƙa ta, na cuɗa. Ta yi fari tas, har na ji daɗi. Don kada ƙuda ya sauka a kanta, na naɗe ta da danshinta, na sa a leda, na ƙulle, na tura ƙarƙashin gado. Ziyarce-ziyarcen Sallah suka ɗauke ni kwana uku. Wataƙila huɗu.

A motar Kalgo na fara zargin kaina. Matar da ke kusa da ni ta ja mayafi ta toshe hanci, direba ya waiwayo ya ce wa ya shigo masa da mushe. Na kau da kai, ina kallon gonakin gero ta taga.

Majemar tana bayan gari. Tun daga nesa iska ta canza. Ramuka ne cike da ruwan toka da na bagaruwa, wani kuma an jiƙa kashin tantabara a ciki, kore-kore, yana kumfa. Ƙudaje manya masu sheƙi sun rufe ƙasa, ba sa tashi ko ka taka kusa da su. Baffa yana tsugune, fatu jibge a gabansa. Sai ya ɗaga ɗaya ya haska ta da rana, ya shinshina, ya ja gashin da yatsu biyu, ya jefa. Tsibi uku ne: lafiyayyu, sai masu yankan wuƙa ko tabon ƙazuwa, sai na uku can nesa, wanda ko karnuka kewaya shi suke. Da hannun nan kuma yake ɓare goro yana ci.

"A'a, likitan tumaki! Ina tsohon?"

Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa ledar. Da ya kwance ta, ni na fara ja da baya. Fatar ta yi yauƙi, ta yi shuɗi-shuɗi ta ciki, tsutsotsi farare suna motsi a ninkin. Ya kama gashin da yatsu biyu, bai ma ja ba, ya biyo shi kamar jiƙaƙƙiyar auduga.

"Mi ka yi ma wagga hwata?"

"Wanke ta na yi, Baffa."

"Da mi?"

Na faɗa masa. Ya kira majemin da ke ramin kusa. "Zo ka ji, an yi ma rago wankan jego!" Suka yi dariya har Baffa ya ƙware da goro. Ni kuwa na koma bayan wata bishiya na amayar da naman da na ci da safe.

Da na dawo ya riga ya jefa ta tsibi na uku. Ya daina dariya. Ya tona cikin lafiyayyun ya zaro wata uda, gaba baƙi, baya fari.

"In jeme maka wagga. Ka hwaɗa mai, ko kar ka hwaɗa, wannan tsakaninku ne. Ni dai in ya tambaye ni ba ni ƙarya."

Na ce to. Ban duba cinyar hagu ba sai bayan mako biyu, da na koma karɓa. Fari fat.

Na kai wa mahaifina a zaure bayan la'asar, yana tare da ƙanensa da maƙwabcinmu mai ɗinkin hula. Na shirya maganar tun a hanya, amma da na durƙusa sai na ce, "Ga shi, Baba." Ya shimfiɗa buzun a cinyarsa yana shafawa daga wuya zuwa ƙasa. Hannunsa ya kai inda ɗigon ya kamata ya kasance, ya tsaya. A tunanina ya tsaya. Mai yiwuwa tsorona ne ya tsayar da shi.

"Allah shi yi albarka," ya ce.

Na tashi na fita da sauri, wai ana kirana a cikin gida. Daga ranar sabon buzun ya zama na shimfiɗa wa baƙi. Shi ya ci gaba da salla a kan mai sanƙon nan na kakana har ya rasu. Bai tambaye ni ba, ban faɗa ba. Baffa ma ya riga mu gidan gaskiya ban samu ƙarfin tambayarsa ko sun yi maganar ba. Har yau ko ganda aka sa mini a miya sai in ture kwanon, kuma ban tabbata fatar nake ƙyama ba.

Mutum biyun da na bari a zauren suna raye. Idan wannan rubutu ya isa gare su, ko ga wani da ya ji daga bakinsu, ina roƙon a gyara mini duk inda na kauce. Musamman a aiko mini da abin da ya ce bayan na fita, idan ya ce wani abu. Ko ba mai daɗi ba ne, ina so.