Tsagar da Kowa Ya Gani a Jikin Kanal

Shekarun baya, wajen dubu biyu da 'yan kai, ina karatu a kwaleji a Kano, malaminmu ya ba mu labarin wani bincike. Wai ana zaunar da mutum cikin wasu da aka haɗa baki da su, a nuna musu layuka a takarda, su ce gajeren shi ne dogo. Shi ma sai ya bi su, alhali idonsa na gani. Amma da zarar an sami mutum ɗaya ya faɗi gaskiya, yawanci sai ya yi ƙarfin hali. Na dawo gida hutu ina ta hura hanci, a ganina na gama sanin ɗan Adam.

Mahaifina manomin rani ne a yankin Bunkure. Gonarsa tana daidai gindin kanal, wato babbar hanyar ruwan ban ruwa, ita kaɗai gare shi, da ita yake ciyar da mu. Ranar nan ya ja ni ya nuna mini wata tsaga a jikin kanal ɗin, saitin gonar. Hannuna ya shige ciki, ƙasar wajen kuma ta jiƙe sharkaf.

Matsalar ita ce, in aka faɗa wa ma'aikatan ruwa, rufe ruwan za su yi har sai an gyara, ga tumatirin kowa yana fure. Da ma'aikacin ya zo zagayensa, manoman layinmu suka taru a ƙarƙashin mangwaro, ya tambaya ko akwai wata damuwa. Al'adarsu kuwa daga babba ake farawa. Shugabansu ya ce, "Lafiya lau." Na kusa da shi ya ce lafiya lau. Haka aka yi ta bi, kuma wallahi babu wanda bai ga tsagar nan ba.

Kafin a zo kan mahaifina na yi wuf na ce, "Ranka ya daɗe, akwai tsaga." Ni a dole ga mutum ɗayan nan na binciken, jira kawai nake Baba ya kama.

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Yaro ne, ku yi haƙuri. 'Yar jiƙa ce, mun toshe. Lafiya lau."

Ba a kai ga fara tsinkar tumatir ba kanal ɗin ya ɓalle. Gonakin sauran mutane ruwa ne ya ratsa ya wuce. Tamu kuwa yashi da tsakuwa suka binne ta har gwiwa. Mun yi ta kwasa, ni da shi da ƙannena, ƙasar ba ta sake yin kirki ba. Daga baya ya koma ƙwadago a gonakin mutanen da suka zo masa jaje suna cewa ƙaddara ce.

Na daɗe ina jin haushinsa. Wata rana muna dawowa daga masallaci na kasa daurewa, na kwashe labarin binciken kaf na faɗa masa. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Su waɗannan mutanen naka, in sun tashi, suna ƙara haɗuwa?"

Na ce a'a, ba su ma san juna ba.

"To ka gani. Da na yi magana an rufe ruwa, gonaki nawa za su ƙone saboda tawa? Wace majalisar zan zauna? Waɗannan fa su za su ɗauki gawata."

Har yau ban san ko tsoro ne ko kara ba, kuma binciken bai ba ni amsa ba, don a cikinsa babu wanda gonarsa take gindin kanal. Abin yana ci mini rai. Yanzu ni ma malami ne, amma in na zo wannan darasin sai in ji bakina ya yi nauyi.

Baba ya rasu bai sake noma tasa ba. Su ɗin kuwa suka ɗauke shi, suna ta yabon haƙurinsa har bakin kabari.