Amsar Da Na Hana Ɗana

Har yau ina tambayar kaina: me zai rage ni da na buɗe baki na ba shi amsa a ranar? Ni tsohuwa ce a Tarai, mijina ya daɗe da rasuwa, ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta muku wannan, ina faɗa ina share hawaye. Sana'ata saƙar faifai, 'yan matan da suka koya a hannuna ba su ƙirguwa.

Ɗana na fari malami ne a jami'a. Ni kuwa an raine ni da kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba mu taɓa zama mun yi doguwar hira ba. In ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe.

Wata Asabar ya zo gida, ya tarar da ni a inuwa ina tsaga kaba. Ya zauna kusa da ni fiye da yadda ya saba. Ya ce an ba shi sababbin ɗalibai, zai koya musu haɗa manhajar kwamfuta, wato abin da ke sa na'urar ta yi aiki. Ya ce abin koyarwar ya yi yawa, lokaci kaɗan, ya rasa me zai ɗauka me zai bari. Abokan aikinsa na cewa kowane ɗalibi ya fara da ƙirƙirar tasa, shi kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Sai ya tambaye ni, idan yarinya ta zo koyon saƙa, me nake fara ba ta?

Wallahi amsar tana bakina. Ba na ba yarinya sabuwar kaba. Tsohon faifan da wata ta saƙa nake ba ta, wanda bakinsa ya zare, in ce ta warware ta ga yadda mai shi ta bi, sannan ta gyara. Wadda ba ta iya gyaran na wata ba, nata ma ba ya ƙarko. Amma ƙanwar mijina tana zaune, ta yi dariya ta ce yau kuma hira ake da ɗan fari? Kunya ta rufe ni. Na ce masa me jahila ta sani, ya je ya tambayi masu takarda. Ya yi murmushi, ya ɗauki wani tsohon faifai yana jujjuya shi, ya daɗe bai ajiye ba.

Ranar Laraba ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Gawarsa aka kawo mini ta hanyar Rano.

Ban ja da hukuncin Allah ba. Abin da ke cin raina, sau ɗaya tak ya nemi abin da na sani, na hana shi. Ban san me aka koya wa yaran nan ba. Iyaye mata, kunya ado ce, amma idan ɗanki ya zauna kusa da ke ya tambaye ki, ki amsa masa a lokacin, ko wa ke zaune.

Da zai tafi a waccan Asabar ɗin, ya tsaya a bakin zaure ya waiwayo, ya ce: Inna, ki ajiye mini amsar, ranar Juma'a zan dawo in karɓa.