Babin Da Na Cire Daga Kundina

Kakana da ƙwarya ya wanke kuza a ramukan Jos har bayansa ya sunkuya. Shi ya sa ranar da na ce wa Baba a kan kuza zan yi digirina na biyu, sai da ya zaga maƙwabtanmu na Jos Jarawa yana raba goro. Da ya san hannun da na faɗa, da bai ɓata goronsa ba.

Farfesan da aka haɗa ni da shi, fanninsa haɗa ƙarafa irin su kuza da sinadarin kabon. Tun yana saurayi a Turai ya rubuta takarda cewa wani haɗin da ya ƙirƙira yana kashe cutar da ke ƙona ganyen dankalin Turawa. Shi ke nan fa. Wannan takarda ɗaya ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa. Ya juya ta ya sake juyawa kamar waina a tanda, yau a canza take, gobe a ƙara sunan wani ɗalibi a wutsiya.

"Duniya na ambatona," in ji shi, kullum. Wace duniya? Mu ne duniyar! Mutumin nan ba ya buɗe kundin ɗalibi daga farko. Daga baya yake farawa, wajen jerin manazarta, ya lashi yatsa yana bin sunansa. In bai ishe shi ba, sai ya turo maka kayanka ya ce ba ka yi karatu ba. Ɗalibansa da suka zama malamai a wasu makarantu su ma haka suke tilasta wa nasu. Har gyaran muryarsa suka kwaikwaya, abin haushi.

Aikina shi ne in sake yin haɗin nan in gwada shi. Na sha wuya, wallahi. Yau babu wutar Nepa, gobe babu ruwa a famfo, jibi malamai sun tafi yajin aiki. Daga gonar wata mata a bayan Daɗin Kowa nake ɗebo ganye mai cutar. Sau uku ina gwadawa, sau uku cutar tana yaɗuwa abinta, ko gezau. Na rubuta abin da na gani a babi na huɗu, na kai masa.

Ranar ce kaɗai na ga ya karanta tsakiyar kundi. Ya cire tabarau.

"'Yata, wa ya aiko ki?"

"Ranka ya daɗe, babu kowa. Abin da ya fito ke nan."

"Hannunki ne bai iya ba. Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki."

"To a zo a gwada a gabanka, ranka ya daɗe."

Ina! Rabonsa da taɓa kwalbar gwaji tun ina firamare. Ya ce in cire babin, in rubuta cewa sakamakona ya yi daidai da nasa, ko kuwa in nemi mai sa mini hannu a wani wuri. Babu wani wuri, shi ma ya sani. Shekara uku na zuba, ga kwalejin da ta yi mini alkawarin koyarwa tana jiran takardar digirin.

Kwana biyu na yi ina cika baki a gida, ni ce ba zan yi ba, ni ce gaskiya dokin ƙarfe. Rana ta uku na cire babin, na rubuta abin da ya ce. Na ma ƙara sunansa sau biyu a baya don ya yi saurin sa hannu, ya kuwa sa yana murmushi.

Bayan 'yan shekaru, ina ofishina a kwaleji, wata mata ta yi sallama, da goyo a bayanta da jakar takardu. Ɗalibar wani tsohon ɗalibin Farfesan ce. Shekara biyu tana fama da haɗin nan ya ƙi aiki, har malaminta ya ce za a kore ta.

"Anti, duk waɗanda suka rubuta, naki na fi yarda da shi, don na ga ke da hannunki kika yi. Don Allah nuna mini inda nake kuskure."

Ta buɗe kundina a kan tebur, duk ta ja layi a ƙarƙashin ƙaryata da jan biro.