Dutsen da Na Ɗauko Daga Jidda

Riyad zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na tayar da mota daga unguwar Al-Shumaisi. Baba Salihu, mahaifin kafilina, wato maigidan da nake yi wa tuƙi, ya kwana goma sha biyu ba ya cin abin kirki. Masunci ne a da a bakin Bahar Maliya, yanzu ciwo ya kwantar da shi a Riyad. Abu ɗaya yake ta ambato: wasu 'yan kifaye masu zama a ramin tsutsa cikin dutsen teku. Ɗansa ya ce in je in karɓo su wurin wani mai kifin ado.

Kilomita ɗari tara da hamsin saboda kifin da bai kai ɗan yatsa ba! Amma tsohon nan ko dabino bai taɓa ci ya hana ni ba, don haka ban yi musu ba. Ƙarfe uku na isa, na ci shinkafar kabsa, na kwana wurin wani ɗan garinmu Maraɗi.

Jidda

Ƙarfe bakwai mai kifi ya saka mini kula a mota, da ɗan injin iska. Ya ce, "Kifi huɗu ne. Kada ka kashe esi, kada ka taɓa dutsen da ke ciki."

Shingen garin Zalim

Sha biyu saura, ɗan sanda ya duba iƙamata, katin izinin zamana, ya buɗe kular.

"Ya sadik, dutse ka ɗauko daga Jidda?"

Na leƙa. Ruwa da dutse, ba ko wutsiya! Na ce shi ke nan, an cuce ni. Na zaro tsinken sakace zan zungura ramukan, yadda muke yi wa ramin gyare muna yara. Har na kai hannu, sai na tuna kashedin mai kifi. Na rufe kular, na ja mota ina salati, ko abincin rana ban tsaya ci ba.

Gida

Biyar da kwata muka sa dutsen a tankin gilashi kusa da gadonsa. Ni dai kunya kamar in nutse.

Na ce wa tsohon, "Ya Ammi, ina jin babu komai ciki."

"Ka bar motsi, ya waladi."

Muka yi tsit minti goma. Sai ga ɗan kai ya leƙo daga wani rami, da idanu ƙuru-ƙuru. Sai na biyu. Tsoho ya yi dariya har da tari, ya juyo gare ni:

"Sani, akwai sauran romon shorba?"

Wallahi sai da na yi ƙwalla a hanyar kicin. Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya, ya dawo da ni lafiya, ya kuma riƙe mini hannu a Zalim.